Babi na 13, fataka da agogo: karatun The French Lieutenant's Woman

Wanda ya ɗauki The French Lieutenant's Woman na John Fowles bai taɓa jin labarinsa ba, in bai kula da wasu 'yan alamu ba, zai ci babi goma sha biyu yana zaton littafin zamanin Sarauniya Biktoriya ne ya faɗo hannunsa. Ga saurayi ɗan manyan gida, ga budurwa 'yar attajiri da aka yi musu baiko, ga wata mace mai suna Sarah cikin baƙaƙen kaya da gari ya juya wa baya. Jimlolin dogaye ne masu nutsuwa, mai ba da labarin kuma kamar ya san abin da ke zuciyar kowa. Sai a ƙarshen babi na 12 ya jefo tambaya: wace ce Sarah, daga ina ta fito? Mai karatu ya buɗe babi na 13 yana jiran amsa, sai mai labarin ya ce shi ma bai sani ba, kuma duk abin da ake karantawa ƙirƙira ce.

Wannan shafin ɗalibai suka fi kawowa in an ce su nuna alamomin salon da Turawa ke kira postmodernism, wanda za mu kira salon bayan-zamani. Kalmar zamani a nan suna ce da aka ba adabin farkon ƙarni na 20, na su Virginia Woolf da James Joyce, waɗanda suka kori mai labarin nan masanin komai, suka shige kan tauraro suna bin tunaninsa. Waɗanda suka biyo bayansu, musamman daga shekarun 1960, sun dawo da tsofaffin salailai, sai dai sun juyo rigar ta ciki don mai karatu ya ga ɗinkin. Kuskuren da aka fi yi a rubutun nazari shi ne a baje alamomin kamar kayan koli: ga labari mai magana a kan kansa, ga cakuɗa zamani biyu, ga ƙarshe fiye da ɗaya, shi ke nan an gama. Jerin gaskiya ne, amma bai bayyana komai ba. Tambayar da ke fitar da aiki ita ce: me wannan dabarar ta yi wa labarin a daidai inda aka sa ta? A wannan littafin, kusan kullum amsar wuri guda take komawa, wato wa ke da iko da labarin wani.

Littafin ya fito a 1969, babi 61 ne. An haifi Fowles a 1926, ya karanta Faransanci a Oxford, ya kuma zauna a Lyme Regis, wani ƙaramin garin bakin teku a yankin Dorset na kudu maso yammacin Ingila, har rasuwarsa a 2005. A garin nan labarin ya soma, ƙarshen watan Maris na 1867. Charles Smithson, ɗan shekara 32, yana jiran gadon baffansa mai muƙami da gandu. Ba ya aikin komai sai neman burbushin halittun da suka zama dutse, yana kuma ɗaukar kansa almajirin Darwin. An yi masa baiko da Ernestina Freeman, 'yar wani mai katafaren kanti a Landan. Sarah Woodruff kuwa ta taɓa aikin koyar da yara a gidan masu hali, gari kuma na cewa wani laftanan jirgin ruwa Bafaranshe mai suna Varguennes ya lalata ta ya tsere. Tana cin abinci a ƙarƙashin wata attajira mai tsaurin ra'ayin addini da baƙin hali, Misis Poulteney. Charles ya fara da tausayinta, tausayin ya rikiɗe, ya fasa auren Ernestina, mutuncinsa ya zube, Sarah kuma ta ɓace masa kusan shekara biyu.

Ƙashin bayan labarin ke nan, kuma ginanne ne da gaske. Wannan ya sa karatu ɗaya ba ya isa. A karo na farko a bar labarin ya ja mutum, kada a tsaya neman alamomi, domin dabarun ba sa cizo sai mai karatu ya damu da makomar Charles da Sarah. A karo na biyu a riƙe fensir, a yi alama iri uku a gefen shafi: ɗaya duk inda mai labarin ya ce “ni”, ɗaya duk inda aka ambaci abin da ya faru bayan 1867, ɗaya kuma duk inda aka shigo da rubutun wani. A riƙa rubuta lambar babi, domin lambar shafi na canzawa daga bugu zuwa bugu. In an gama za a ga alamomin sun taru a wasu wurare, sun yi ƙaranci a wasu, kuma inda suka taru nan ne wani ke shirin yanke wa wani hukunci.

Kafin a ce babi na 13 sabon abu ne, a tuna yadda ake rufe tatsuniya: ƙurunƙus kan kusu, ba don Gizo ba da na yi ƙarya. Kaka da bakinta take shaida wa jikoki cewa shiri ne. A adabin Ingilishi ma abin ya tsufa. Laurence Sterne ya yi shi a Tristram Shandy tun 1759, Thackeray kuma ya rufe Vanity Fair a 1848 da mayar da taurarinsa akwati kamar 'yan tsana. Saboda haka ɗalibin da ya rubuta cewa littafin na bayan-zamani ne don kawai mai labarin ya amsa cewa ƙirƙira yake yi, bai kafa hujja ba tukuna. Bambancin yana wurin da aka yi furucin da abin da ya jawo. Kaka tana faɗa ne bayan labari ya ƙare, ba ta yi asarar komai ba. Mai labarin Fowles ya faɗa ne a tsakiyar tafiya, a daidai gaɓar da marubucin zamanin Biktoriya zai buɗe zuciyar Sarah ya shimfiɗa ta a gabanmu. Ya ce marubutan wancan lokaci suna tsayawa ne kamar masu iko da komai, shi kuwa yana rayuwa a zamanin Alain Robbe-Grillet da Roland Barthes, Faransawan da suka girgiza wannan matsayi na marubuci. Har misali ya bayar: ya umarci Charles ya wuce kai tsaye zuwa Lyme, sai Charles ya ratse ya gangara wani gidan madara.

Abin da furucin ya haifar shi ne abin dubawa. Muna shiga kan Charles a kusan kowane babi. Muna ganin abin da Ernestina ke rubutawa a littafin sirrinta, muna jin lissafin Sam, baran Charles, muna jin yadda Misis Poulteney ke ƙidaya sadakarta tana auna ko ta isa kuɗin shiga aljanna. Game da Sarah an ba mu asalinta da tarbiyyarta da yadda take gane halin mutum da kallo ɗaya, amma dalilin abin da take yi an kulle shi. Aikin babi na 13 ke nan: ƙofa ɗaya ya rufe a gidan da sauran ƙofofinsa ke buɗe. Wanda ya gane haka ya kama bakin zaren littafin.

Sai dai kada a ɗauki maganar mai labarin kamar rantsuwa. Charles bai yi wa kowa gardama ba, Fowles ne ya rubuta gardamar. Shi mai labarin tauraro ne kamar sauran, ko da yake an ba shi gemu da shekaru irin na Fowles, don haka rubuta “Fowles ya ce” a inda mai labarin ne ya yi magana kuskure ne da ke rusa nazari tun daga tushe. Ga wata ƙaramar shaida. A birnin Exeter, Sarah ta sayi wani ɗan tulun tangaran mai siffar mutum, irin wanda Ingilawa ke kira Toby, a kan kwabo uku. Mai labarin ya ce tulun ya tsage, kuma shi shaida ne, domin shi da kansa ya saye shi shekara ɗaya ko biyu da suka wuce da tsada sosai. Mutumin da ya ce mana Sarah ba ta taɓa wanzuwa ba, ga shi yana cewa tulunta na hannunsa. Maganganun biyu ba sa haɗuwa, kuma da gangan aka bar su haka. Littafin yana rushe yardar mai karatu, ya sake gina ta, ya sake rushewa, mai karatu kuma yana ta komawa, har ya fara lura da yadda shi kansa yake son a ba shi labari ya gaskata.

Batun cakuɗa zamani ya fi sauƙin gani. Tun a babi na 1 an kwatanta Cobb, katangar dutsen nan da ta miƙa cikin teku tana kare tashar jiragen Lyme, da sassaƙen Henry Moore, mutumin da sai 1898 aka haife shi. An ce Misis Poulteney za ta dace da aikin Gestapo, 'yan sandan ciki na Hitler. An kwatanta basirar Sarah da kwamfuta a zuciya. Ba subutar alƙalami ba ce, agogo biyu ne aka rataye a ɗaki ɗaya, ɗaya na 1867, ɗaya na ƙarshen shekarun 1960. Shekarar ma zaɓaɓɓiya ce. A 1867 juzu'in farko na Das Kapital na Karl Marx ya fito, a shekarar aka faɗaɗa 'yancin jefa ƙuri'a ga maza ma'aikata na birane, a shekarar John Stuart Mill ya nemi majalisa ta ba mata ƙuri'a aka ƙi, littafin Darwin kan asalin jinsunan halittu kuma shekararsa takwas da fitowa. Mai labarin ya nuna mana Marx yana aiki a ɗakin karatu na British Museum, Charles kuwa bai ma san da shi ba. Mu mun san abin da ke tafe, shi bai sani ba, kuma wannan tazarar ce ke sa mu ga cewa mai tattara halittun da suka ƙare shi ma jinsinsa, na ɗan babban gida mai zaman kashe wando, yana kan hanyar ƙarewa. Mahaifin Ernestina ya faɗa masa kusan haka da ya yi masa tayin shiga harkar kanti, ya kuma yi amfani da maganar Darwin wajen ɗaure shi.

Inda ake zamewa a nan shi ne a ɗauka mai labarin yana yi wa mutanen da dariya ne daga tudun zamani. Babi na 35 ya ƙaryata haka. A can aka ajiye labari gefe, aka yi doguwar muƙala a kan sha'anin maza da mata a wancan ƙarni, har da rayuwar marubuci Thomas Hardy, ɗan yankin Dorset. Mai labarin ya tono munafuncin zamanin, amma ya juyo ya tambayi mutanen 1969 ko sun tabbata su suka fi dacewa. Agogon biyu kowanne yana auna ɗan'uwansa.

Kowane babi kuma yana da tsakure ɗaya ko biyu a kansa, daga Darwin, Marx, Tennyson, Hardy, Matthew Arnold, Jane Austen, har da takardun tarihi. Masu karatu da yawa tsallake su suke yi. Dabarar da ta fi amfani ita ce a karanta babin tukuna, sannan a koma kan tsakuren a tambaya: goyon bayan babin yake yi, ko ƙaryata shi? A kan babi na 2 akwai ƙidayar 1851 da ke nuna mata sun fi maza yawa da sama da rabin miliyan a Birtaniya, sai ga babin ya kawo mana mata biyu da namiji ɗaya a kan Cobb. A babin ne Ernestina ta nuna wa Charles matakalar da wata tauraruwa ta faɗo a littafin Persuasion na Austen, wato ƙirƙirarriyar mace tana nuna inda wata ƙirƙirarriyar ta faɗi, a kan dutsen da ke nan har yau. A kan babi na 7, inda aka gabatar da Sam, an ɗora maganar Marx a kan barorin gida. A lokacin Sam kamar abin nishaɗi ne, mai labarin ma ya kwatanta shi da Sam Weller, wani bara a wani littafin Charles Dickens. Can gaba, shi ne ya riƙe wasiƙar da Charles ya ba shi ya kai wa Sarah, ya ƙi kaiwa, ya koma ɓangaren su Freeman, ya samu gurbi a kantinsu. Baran da aka raina shi ya karkatar da labarin gaba ɗaya, tsakuren kuma ya riga ya yi gargaɗi tun babi arba'in da suka wuce.

Mafi nauyin rubutun aro yana babi na 28. Dakta Grogan, likitan garin, abokin Charles a ra'ayin Darwin har yakan ɗora hannu a kan littafinsa in zai yi alkawari, ya ba shi bayanin wata shari'a ta gaske da aka yi a Faransa a 1835. Wata yarinya, Marie de Morell, ta zargi wani laftana mai suna La Roncière, aka ɗaure shi shekara goma, daga baya aka wanke shi. Grogan yana so Charles ya yarda cewa Sarah irin wannan ce, mai ciwon ƙwaƙwalwa da ke ƙulla sharri don a kula ta. Takardar gaskiya ce, sunayen na gaske ne, amma an ɗauko ta ne don a rufe bakin wata mace dabam da hukuncin likita. Irin wannan aiki ne masaniyar adabi Linda Hutcheon ta ba suna historiographic metafiction a littafinta na 1988, inda ta yi bayanin ƙagaggen labarin da ke cin gajiyar tarihi yana kuma tuhumar yadda ake rubuta tarihin. A lura da shekarun: littafin Fowles ya girmi na Hutcheon da shekara 19, ya girmi na Lyotard, masanin falsafa Bafaranshe, a kan yanayin bayan-zamani da shekara 10. Bai zauna da jerin ƙa'idoji yana cikewa ba. Abin da ya fi jan hankalinsa shi ne falsafar su Sartre da Camus a kan 'yancin mutum da nauyin zaɓinsa, masu nazari ne suka zo daga baya suka sa wa aikin suna.

Yanzu a dubi Sarah da kyau. Kowa a littafin yana da labarinta a aljihu. Gari na cewa lalatacciya ce, Misis Poulteney na ganin mai zunubin da za ta samu lada a kanta, Grogan na ganin marar lafiya, Charles na ganin baiwar Allah da ke jiran mai ceto. A babi na 20 ta ba Charles nata bayanin: ta bi Varguennes zuwa wani masauki a Weymouth, ta ba shi kanta tana sane, ta zaɓi kunyar don ta fita daga layin da aka shata wa mata irinta. Babi na 46 da na 47, a otal ɗin Exeter, suka rushe wannan. Charles ya gano ba ta taɓa sanin namiji ba, targaɗen da ta ce ta yi a ƙafa ma shiri ne. Ashe sunan littafin kansa, da ke jingina ta ga laftanan Faransa, ƙarya ne, kuma ita ta bar ƙaryar ta yaɗu, ta ƙara mata gishiri. Abin da mai labarin ke yi mana, shi Sarah ke yi wa Charles: ta tsara labari, ta zaɓi wuri da lokaci, ta ja shi ciki, sannan ta nuna masa shiri ne. A ganina wannan ce alamar bayan-zamani mafi ƙarfi a littafin, ita ce kuma aka fi mantawa da ita, domin ba ta zo da mai labari yana ɗaga murya ba.

Akwai ƙorafi mai nauyi a nan, wanda masu nazarin matsayin mata a adabi suka daɗe suna yi, kuma bai kamata a share shi ba. Rufe zuciyar Sarah ya kare ta daga hukuncin mai labari, amma ya kuma mayar da ita kacici-kacicin da namiji ke girma ta hanyar warwarewa. Wanda ya canza, ya sha wuya, ya koyi darasi a gabanmu Charles ne. Ina ganin duka biyun gaskiya ne, kuma nazarin da ya ɗauki ɗaya ya jefar da ɗaya ya rage wa littafin.

Sai batun ƙarshe, inda aka fi yin tuntuɓe. Ana yawan cewa littafin yana da ƙarshe uku, mai karatu ya zaɓi wanda ya so. Ba darajarsu ɗaya ba.

Na farko yana babi na 43 da na 44. Sarah ta aiko wa Charles 'yar takarda mai kalma uku, sunan otal ɗin da take a Exeter. Da jirgin ƙasan da ya hau daga Landan ya iso Exeter, Sam ya tambaye shi ko za su kwana, ya ce a'a, su wuce Lyme. Ya koma wa Ernestina, suka yi aure, aka raba wa kowa rabonsa cikin 'yan shafuka, Misis Poulteney ma ta isa ƙofar aljanna aka mayar da ita. Mai karatu mai lura zai ji wani abu bai zauna ba. Da farko, hannunsa na dama yana riƙe da babi 17 da ba a karanta ba. Na biyu, mai labarin ya yi sakaci da gangan, wajen yawan 'ya'ya ma cewa ya yi a ce bakwai. Na uku shi ne lissafi. A babukan farko an gaya mana an haifi Ernestina a 1846, ta kuma rasu ranar da Hitler ya afka wa Poland, wato 1 ga Satumba 1939, tana da shekara 93 ko kusa da haka. A babi na 44 kuwa an ce Charles ya yi shekara goma a bayanta. Mai shekara 32 a 1867 an haife shi wajen 1835, ke nan sai ya kai 1949, yana da shekara 114. Lissafin bai fita ba, domin wannan ƙarshen ba na littafin ba ne. Babi na 45 ya fito fili ya ce Charles ne ya saƙa shi a ransa cikin jirgi. Da Sam ya yi tambayar da gaske, cewa ya yi za su kwana. Don haka ƙarshen farko mafarkin tauraro ne, irin ƙarshen da littattafan zamaninsa suka koya masa ya yi tsammani.

Sauran biyun daban ne, kuma an share musu fage a babi na 55. Charles na cikin taragon masu kuɗi zuwa Landan neman Sarah, sai wani mai gemu ɗan kimanin shekara arba'in ya shigo ya zauna yana ƙare masa kallo yana barci. Mai labarin ne da kansa, yana tunanin yadda zai yi da shi. Ya ce marubuci yakan sa buƙatu biyu a fage kamar 'yan dambe, ya nuna kamar gasa ce, alhali ya riga ya shirya wanda zai kai wani ƙasa. Shi ba ya son ya shirya, don haka zai nuna sakamako biyu. Amma ya san duk wanda ya zo a babin ƙarshe shi za a ɗauka na gaske. Sai ya zaro fataka, wato sule biyu, ya cilla sama ya cafe. A kula sosai: ƙuri'ar ba ta zaɓi wanda zai faru ba, ta zaɓi wanda zai riga zuwa ne kawai. Ɗalibai da dama suna rubuta akasin haka.

A babi na 60, bayan yawon Turai da Amurka, Charles ya sami Sarah a 1869 a gida mai lamba 16 a Cheyne Walk, unguwar Chelsea a Landan, gidan da mai zane Dante Gabriel Rossetti ya zauna da gaske. Ta canza suna zuwa Misis Roughwood, tana aiki da masu zane, ta ce ba ta son aure. Ya zarge ta da soka masa wuƙa da jin daɗin murɗa ta, ya juya zai fita. Ta tsayar da shi, aka kawo masa wata 'yar yarinya, Lalage, 'yarsa. Babin ya rufe su uku suna tare. A babi na 61 mai labarin ya sake bayyana a wajen gidan, wannan karon cikin ado kamar mai shirya wasannin dandali, ya ciro agogon aljihu ya mayar da shi baya da minti 15, ya hau keken doki ya tafi. Sai muka koma kan maganar wuƙar nan, kalma da kalma. Hanya mafi kyau ta nazarin wurin ita ce a buɗe babukan biyu gefe da gefe, a nemo wannan jimlar a kowanne, a bi abin da ya biyo baya layi-layi. A na biyun Sarah ba ta bayyana masa 'yar ba, abin da ta miƙo masa bai wuce zumunci bisa sharaɗinta ba, ya ƙi, ya fita shi kaɗai ya bi bakin kogin Thames, littafin ya rufe da wani baiti na Arnold a kan teku.

Shin zaɓin na mai karatu ne da gaske? Ni ban gamsu ba, kuma ina ganin littafin ma bai so a gamsu ba. Fatakar da aka cilla rubuta ta aka yi, Fowles ne ya sa ta faɗi yadda ta faɗi. Ƙarshen rabuwa shi ya samu kujerar ƙarshe, shi ne kuma ya dace da duk abin da aka gina tun babi na 13 a kan 'yanci da kaɗaicin da ke tare da shi. Kwatance biyu za su nuna iyakar abin. Dickens ya rubuta wa Great Expectations ƙarshe biyu a 1861, ya sauya na farko bisa shawarar abokinsa Bulwer-Lytton, amma ɗaya ya buga, ya ɓoye ɗinkin. B. S. Johnson kuwa, a shekarar 1969 ɗin nan, ya fitar da The Unfortunates a cikin akwati, kashi 27 da ba a ɗinke ba, na farko da na ƙarshe kaɗai aka ƙayyade, sauran mai karatu ya jera yadda ya ga dama. Fowles yana tsakaninsu. Ya nuna ɗinkin, amma allurar ba ta bar hannunsa ba.

Gargaɗi ga mai son gajerar hanya: fim ɗin 1981, wanda Karel Reisz ya ba da umarni, Harold Pinter ya rubuta, Meryl Streep da Jeremy Irons suka fito, ba zai maye gurbin littafin ba. Pinter ya cire mai labarin baki ɗaya, ya ƙirƙiro 'yan wasa biyu na zamani, Anna da Mike, waɗanda ke fitowa a matsayin Sarah da Charles suna kuma soyayya a bayan fage. Ya ba masoyan ƙarni na 19 haɗuwa, ya ba na zamani rabuwa. Dabara ce mai kyau, ta kuma cancanci nazarin kanta, amma babu babi na 13 a ciki, babu tulun Toby da mai labari ya saya, babu fataka, babu agogo. Anna da Mike kuwa ba su fito a ko ɗaya daga babuka 61 na littafin ba.